Babi na 5: Nauyin Sa'o'in da Aka Zuba

A wasan World of Warcraft akwai wani ɗan gajeren umarni da tsofaffin 'yan wasa ke shakkar rubutawa. In mutum ya buga /played a akwatin hira, nan take wasan zai lissafa masa jimillar lokacin da ya shafe a kan jarumin da yake riƙe da shi tun ranar da ya ƙirƙire shi: kwanaki, sa'o'i, mintuna, har da daƙiƙoƙi. Kwana ɗaya a wannan lissafi sa'a 24 ce cur a gaban allo, ban da barci, ban da cin abinci. A 2006 wasu masu bincike a cibiyar PARC da ke Palo Alto a Amurka, cikinsu har da Nicolas Ducheneaut da Nick Yee, sun bi diddigin dubban jarumai a wasan, suka gano cewa wanda ya kai mataki na 60, wato ƙololuwar wasan a lokacin, ya cinye wa mai shi kimanin kwana 15 da rabi. In aka raba shi zuwa yinin ma'aikaci mai sa'a takwas, aikin kwana 47 ke nan.

Abin da ya sa wannan adadi ke da nauyi shi ne yadda aka kashe shi gaba ɗaya a kan zaɓin da mutum ya yi cikin minti biyar na farko, lokacin da bai san komai game da wasan ba. Da kamfanin Blizzard ya fitar da wasan a watan Nuwamba na 2004, nau'in jarumai tara ne a gaban sabon shiga. Akwai mayaƙi mai sulke, akwai maharbi da dabbarsa, akwai matsafi mai jifa da wuta da ƙanƙara, akwai ɗan sari-ka-noƙe da ke ɓuya ya soki abokin gaba ta baya, da sauransu. Sabon shiga zai dubi hoto, ya karanta layi uku na bayani, ya zaɓi wanda ya burge shi. Daga nan kuma babu canji. Wanda ya fara da maharbi, da maharbi zai ƙare, sai dai in ya yarda ya koma mataki na ɗaya da wani jarumin, ya sake taka duk hanyar da ya riga ya taka.

Mutane da yawa sai a ƙarshen tafiya suka gane abin da suka saya. Wanda ya ɗauki Paladin saboda ya ga babbar guduma a hannunsa, ya yi watanni yana rotsa kawunan dodanni shi kaɗai, yana isa mataki na 60 sai ya tarar da wani wasa daban. Manyan dodannin ƙarshe, irin na kogon Molten Core, gayyar mutum 40 ake yi musu, kuma a gayyar kowa da aikinsa: masu tare duka a gaba, masu kai sara, da masu warkar da waɗanda suka ji rauni. A shekarun farko, abin da yawancin ƙungiyoyi ke so daga Paladin da Druid da Shaman shi ne su tsaya a baya su yi ta warkarwa. Mutum ya zo da niyyar yaƙi, an miƙa masa aikin jinya. Ko sauya baiwar jarumin a cikin nau'insa ma ba kyauta ba ne: kuɗin yana farawa daga tsabar zinariya ɗaya ta cikin wasa, yana hawa duk lokacin da aka sake, har ya tsaya a 50, kuɗin da talakan ɗan wasa na wancan zamani kan jima yana tarawa. Sai a 2009 aka ba da damar riƙe tsari biyu a jarumi ɗaya.

To, me mai Paladin zai yi? Halinsa ya yi kama da na mai haƙa rijiya da ya kai gaba goma bai ga danshi ba, ga kuma maƙwabcinsa ya sami ruwa a gaba huɗu can gefen gona. Hankali na ce masa ya fito ya koma can. Zuciya na nuna masa tulin ƙasar da ya riga ya fitar. Mafi yawanmu ƙasar muke kallo.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan rauni. A 1985 Hal Arkes da Catherine Blumer suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a gidan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ohio. Masu sayen tikitin kakar wasanni gaba ɗaya aka kasa uku ba tare da sun sani ba: wasu suka biya cikakken farashi, dala 15, wasu aka yi musu rangwamen dala 2, wasu na dala 7. Tikiti iri ɗaya, wasanni iri ɗaya. Amma a rabin farko na kakar, waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi sauran zuwa kallo. Babu abin da ya bambanta su sai zafin kuɗin da ya riga ya fita daga aljihu, wanda zuwa ko rashin zuwa ba zai dawo da shi ba. Akwai wani ɓangare na sakamakon da ba a cika ambata ba, kuma shi ya fi shafar batunmu: a rabi na biyu na kakar, bambancin ya dushe. Da watanni suka shuɗe, zafin ya huce, kowa ya koma zuwa wasan da yake so ya gani.

Wasan intanet ba ya barin zafin ya huce. Tikitin Ohio sau ɗaya aka biya. Jarumi kuwa kullum ana ƙara zuba masa, kuma kullum wasan yana nuna maka abin da ka zuba: matakinsa a saman allo, sulken da ka yi makonni kana nema, dabbar hawa da ba kowa ke da ita ba, laƙabin da ke gaban sunansa. Tsarin hawan mataki ma an gina shi ne yadda tafiya ke ƙara tsawo sa'ad da kake matsowa ƙarshe. A RuneScape, mataki na 99 shi ne ƙarshen sana'o'i da yawa, kuma yana buƙatar maki sama da miliyan 13. Rabin waɗannan maki ba a mataki na 50 yake ba, yana mataki na 92 ne. Wanda ya kai 92 yana ganin saura taki bakwai, alhali rabin hanya ya yi, kuma a daidai nan ne janyewa ta fi wuya.

Da a nan maganar ta tsaya, da shawara mai sauƙi ce, ita ce kuma shawarar masana tattalin arziki: abin da ya wuce ya wuce, dubi gaba kawai. Ni ban gamsu da ita ɗungurungum ba, domin tana ɗaukar duk sa'o'in da aka zuba a matsayin abu guda, kamar kuɗin tikiti. Sa'a ɗari biyar a kan jarumi ɗaya tana rikiɗa zuwa abubuwa daban-daban, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Wani kaso yana shiga hannu. Wanda ya daɗe da jarumi ɗaya ya san nisan da saransa ke kaiwa ba tare da ya auna ba, ya san daƙiƙar da makaminsa zai sake cika, yatsunsa na yanke hukunci kafin tunaninsa ya iso. Wannan sani dukiya ce ta gaske, kuma tana iya rinjayar ƙarfin da aka rubuta wa jarumi a takarda. A watan Disamba na 2018, a birnin Amsterdam, ɗan Koriya ta Kudu da aka fi sani da Rangchu ya lashe gasar ƙarshe ta duniya ta wasan Tekken 7 da Panda, jarumar da akasarin ƙwararru ke sanyawa a sahun ƙasa. Ya san ta ciki da bai, abokan karawarsa kuwa ba su saba haɗuwa da ita a hannun gwani ba. Da ya bi jerin sunayen jaruman da ake yayi, da ya zubar da abin da ya fi kowa da shi. A League of Legends ma, wasan kamfanin Riot na 2009 mai jarumai sama da 160, akwai 'yan wasa da suka hau manyan matakai da jarumi guda tilo. Hausawa na cewa sabo turken wawa, kuma sau da yawa haka ne, amma akwai sabon da ya zama gwaninta, kuma wanda ya riƙe irin wannan ba wauta ya yi ba.

Wani kason yana shiga cikin mutane. A ƙungiyar da ta shekara biyar tana haɗuwa daren Talata da Alhamis, ba a kiran mutum da sunansa na yanka, da sunan jaruminsa ake kiransa. An san shi da cewa shi ne mai tare duka, ko shi ne mai warkarwar da ba ya bari kowa ya faɗi. In ya ajiye wannan jarumi ya ɗauki wani, gurbinsa a gayya ya tafi, wani zai cike, shi kuma ya yi makonni yana bin baya da sabon jarumi mara kaya. Wannan asara ce ta gobe, ba ta jiya ba, don haka ko masanin tattalin arziki dole ya sa ta a ma'auni. Ina ganin mafi yawan masu cewa "na gaji da shi amma ba zan iya barinsa ba", abin da suke nufi ke nan, ko da sun ambaci sulke da mataki.

Kaso na uku shi ne lambobi: mataki, kaya, ƙarfin sara, jarumin da aka saya. Shi ya fi fitowa fili, shi ya fi riƙe mutane, kuma shi kaɗai ne ba mallakin ɗan wasa ba. Yana zaune ne a kwamfutocin kamfani, kamfanin kuma na da ikon sauya shi da safe ba tare da ya nemi izinin kowa ba. A watan Nuwamba na 2005 kamfanin Sony Online Entertainment ya yi wa Star Wars Galaxies garambawul, ya rushe sana'o'i sama da 30 da wasan ke da su ya mayar da su tara. Mutanen da suka shekara biyu suna gina jarumi a sana'ar da aka soke suka wayi gari babu ita. Matsayin Jedi, wanda a da sai an yi watanni ana wahala kafin a samu, ya koma abin da sabon shiga ke zaɓa a ranarsa ta farko. 'Yan wasa da yawa suka watse, wasan kuma aka rufe shi a watan Disamba na 2011.

Ba sai an je nesa ba. Matasan da ke buga Free Fire a waya, daga Kano zuwa Damagaram, da yawansu sun san labarin Chrono. Kamfanin Garena ya fito da shi a watan Disamba na 2020 da haɗin gwiwar Cristiano Ronaldo, da wata garkuwa mai kewaye shi da ke tare harsashi alhali shi yana iya harbi daga ciki. Ya zama jarumin da kowa ke nema, mutane suka kashe kuɗi da lokaci a kansa. Cikin 2021 aka rage masa ƙarfi fiye da sau ɗaya, aka tsawaita lokacin jira kafin garkuwar ta dawo, daga baya ma aka hana harbi daga cikinta. Ta fuskar adalcin wasa, gyaran ya dace, domin jarumin da ya fi ƙarfin kowa yana kashe daɗin gasa. Amma yaron da ya tsimi kuɗin data ya saya ya koyi darasi mai tsada game da wane ne mai kayan. Riot kan sabunta League of Legends kusan duk mako biyu, wani lokaci kuma takan sake wa jarumi gini baki ɗaya, kamar yadda ta yi wa Aatrox a 2018, har masu riƙe da shi tun asali suka riƙa kukan cewa suna kawai aka bar musu.

Daga nan ne ake faɗawa kuskure na biyu, wanda a wurina ya fi na farko ɓarna. Tunda ƙarfi na yawo daga jarumi zuwa jarumi, wasu sai su ce to bari su bi shi duk inda ya je. Kafin su ƙirƙiri jarumi sai sun duba jerin da ƙwararru suka tsara, wane ne a sama, wane ne a ƙasa, su ɗauki na sama ko da motsinsa bai yi musu ba. Hujjarsu ta lokaci ce: tunda zan kashe sa'a ɗari uku, gara in kashe ta inda za ta biya. Soren Johnson, wanda ya jagoranci tsara Civilization IV, ya taɓa yin nuni da cewa in aka bar 'yan wasa, neman hanya mafi riba zai sa su tatse daɗin wasa da hannunsu. Jerin nan kuwa an gina shi ne a kan abin da gwanayen gwanaye ke iya yi. Ratar da ke tsakanin jarumi na ɗaya da na biyar a hannunsu takan zama 'yar kaɗan, a hannun ɗan wasa na tsaka-tsaki kuma kurakuransa na yau da kullum sun ninka ta. Ga shi kuma sabuntawa ɗaya na iya kifar da jerin. Wanda ya zaɓi jarumi don ƙarfi kaɗai, ranar da aka rage ƙarfin ba shi da sauran dalili.

Laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Masu haɗa gayya da baƙi sukan ƙi karɓar nau'in da ba a yayi, ko da dodon da za a kashe bai kai a yi wannan tsanani ba. Mutum zai nemi shiga sau goma a ƙi shi sau goma, a ƙarshe ya haƙura ya ɗauki abin da kasuwa ke so. Wannan ɗabi'a tana ba ni haushi, domin tana mayar da wurin hutu wurin neman aiki, har da tantance takardu.

Shi daɗin ma ya kamata a tsaya a fayyace shi, don ana yawan rikita shi da murnar samun lada. A 2006 Richard Ryan da Scott Rigby da Andrew Przybylski suka nuna cewa jin daɗin wasa da sha'awar komawa gare shi suna tafiya ne da abubuwa uku: mutum ya ji shi ke zaɓar abin da yake yi, ya ji yana ƙwarewa, ya ji yana tare da wasu. A shekarar ce kuma Nick Yee ya rubuta a kan yadda waɗannan wasanni ke rikiɗewa su zama aiki, bayan bincikensa ya nuna masu buga su na kashe kimanin sa'a 22 a mako, fiye da rabin makon ma'aikaci. Murnar samun takobin da aka daɗe ana nema minti biyu ce. Abin da ke cike sauran sa'o'in shi ne motsi guda da ake maimaitawa sau dubbai: yadda jarumin ke gudu, yadda saransa ke sauka, jerin maɓallai huɗu ko biyar da yatsu ke bi. In wannan maimaicin na da daɗi a hannu, sa'a ɗari uku ba asara ba ce ko da ba a samu takobin ba. In ba shi da daɗi, takobin ba zai biya bashin ba. Saboda haka nake ganin gwajin da ya fi gaskiya shi ne mutum ya lura da kansa a daren da babu wata lada da ake rabawa, babu gayya, babu aikin mako da ya rage. Wane jarumi hannunsa ke kaiwa? Da yawa sukan tarar ba babban jaruminsu ba ne, wani ɗan ƙarami ne da suka ƙirƙira don wasa kawai, suna ce masa na gefe.

Kamfanoni sun san duk wannan, kuma amsoshinsu sun bambanta. Dota 2 na Valve ya buɗe wa kowa jarumansa duka kyauta tun ranar farko, don haka abin da kawai ake zubawa shi ne koyo. Final Fantasy XIV, wanda Naoki Yoshida ya sake ginawa aka fitar a 2013 bayan fitowar farko ta 2010 ta faɗi, ya bar jarumi ɗaya ya koyi kowace sana'a: ka sauya makamin hannunka, ka zama wani abu daban, sunanka da abokanka da inda ka kai a labari suna nan. Kowace sana'a da matakinta, amma wanda ya riga ya yi nisa a ɗaya yana samun ƙarin maki in yana ɗaga wata. Wannan tsari ya raba kason mutane da kason lambobi, kuma a ganina shi ya fi mutunta lokacin ɗan wasa.

Blizzard kuwa ta fara da sa wa lokacin farashi. A 2014, kafin fitowar Warlords of Draenor, sabon babin World of Warcraft, ta soma sayar da tsallake kai tsaye zuwa mataki na 90 a kan dala 60. Kamfanin da ya gina doguwar hanya shi ne ke karɓar kuɗi don ya ɗauke ka daga kanta, kuma hakan ya isa ya sa mutum ya tambayi dalilin tsawonta tun farko. Masu saye da yawa kuma sun tarar da wata matsala: an miƙa musu jarumi mai maɓallai barkatai da ba su san amfaninsu ba, ba su da tarihi da shi, ba su tuna inda suka sami ko da hularsa. Kuɗi ya sayi lambobin, bai sayi abin da ke shiga hannu ba. Sai a 2024, da fitowar The War Within, kamfanin ya kawo tsarin Warbands, inda jaruman mutum ɗaya ke tarayya a ma'ajiya da wani ɓangare na martabar da aka tara, yadda sauya jarumi ya rage zafi. Shekara 20 ke nan bayan mai Paladin na farko ya isa bakin Molten Core.

Amma kada a ɗauka kowa sauƙi yake nema. A watan Agusta na 2019 Blizzard ta dawo da tsohon wasan na 2004 da sunan Classic, da duk jinkirinsa da tsadar sauya baiwarsa, kuma mutane suka yi cincirindo har ana jiran layi na sa'o'i kafin a shiga. A watan Agusta na 2023 ta ƙara buɗe wani sashe mai suna Hardcore, inda jarumi rai ɗaya gare shi: in ya mutu a mataki na 58 bayan kwanaki goma na lissafin allo, ya tafi ke nan a wannan sashe. Masu shiga sun san da haka tun kafin su fara. A can zaɓin nau'i yana sauya ma'ana, domin ba wanda ke da tabbacin zai ga ƙarshen wasa, balle ya zaɓa don ƙarshen. Wasu na ɗaukar maharbi don dabbarsa na tare masa duka kuma yana iya kwantawa kamar matacce ya tsira, wasu na ɗaukar mayaƙi da gangan don shi ya fi wahalar rayawa shi kaɗai. In jarumin ya faɗi, sanarwa kan fito wa 'yan ƙungiyarsa da sunansa da matakinsa, su yi masa jaje a akwatin hira, kuma ba abin mamaki ba ne a ga mai shi ya dawo a daren da sabon jarumi a mataki na ɗaya, sau da yawa irin wanda ya mutun.